Sony HT-S20R: kada ka jibge sifikun duka gefen talabijin

Gidajen da nake shiga in tarar an sayi hom tiyata, wato na'urar sautin kallon fim a gida, an jera sifiku biyar a kan teburin talabijin kamar kayan ado suna da yawa, kuma abin yana damuna. Kuɗi aka kashe, amma rabin aikin na'urar aka zubar. Shi ya sa nake so in faɗi yadda hom tiyata HT-S20R ta Sony take a falona.

Tsarin 5.1 ce, wato sifiku biyar da wufa ɗaya, wat 400. Doguwar sifikar da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin tana ɗauke da hagu, dama da tsakiya, sai wufa mai fitar da sauti mai kauri, sai ƙananan sifiku biyu na baya. Dukkansu a jikin wufar ake jona su, kowace waya da kalar kanta, don haka ba ka buƙatar kiran mai gyara. Na bayan nan da waya suke aiki. Ni na bi da wayar gefen bango cikin farar robar nan ta ɓoye waya, saboda yara.

Inda aikin yake shi ne wurin ajiye na baya. Ka sa su bayan kujerar da kake zama, ɗaya dama ɗaya hagu, sun ɗan fi kunnenka tsayi, suna fuskantarka. Idan kujerar ta manne da bango, ka ɗan jawo ta gaba. Sai kuma saitin sautin talabijin: ka jona wayar HDMI a ramin da aka rubuta ARC, ka cire saitin daga zaɓin PCM ka mayar Dolby Digital ko Auto. In ka bar shi a PCM, sautin hagu da dama kawai zai turo, ainihin 5.1 ba zai iso ba. Da na gyara wannan na kunna fim mai alamar 5.1 a Netflix, jirgi mai saukar ungulu ya taso daga bayana ya wuce gaba, har maiɗakina ta waiga.

Muryar 'yan wasa tana fita tar, ba ta nutsewa cikin kiɗa, kuma wannan ya fi burge ni a kan bugun wufar. Wufar ma tana da ƙarfi. Falon tayil ne, sai da na shimfiɗa kafet amsa-kuwwar ta ragu. Da daddare ina danna Night a rimot don kada a hana maƙwabta barci.

Na'urar ba ta da Dolby Atmos, tsarin da ke sa a ji sauti har daga sama. Sannan yawancin finafinanmu na Hausa da ke YouTube sitiriyo ne, wato sautin hagu da dama kawai, kada ka sa ran jin kewayen sauti na gaske a kansu. Tana da Bluetooth da ramin USB, ina jin karatun Alƙur'ani da ita daga waya da safe. Ga falo matsakaici ta wadatar, amma ka haɗa mata sitabilaiza tun ranar farko saboda yadda wuta ke hawa da sauka.