Shagon katunan hoki da ke bayan layinmu

Shekarata goma sha ɗaya a Toronto ban taɓa shiga shagon nan ba, sai da ɗana ya fara wasan hoki na ƙanƙara, kocinsu kuma ya mayar da shi mai tsaron baya. Yaron ya dawo gida ransa a ɓace, wai masu tsaron baya ba a san da su ba. Shi ya sa ranar Asabar na kama hannunsa muka tafi.

Shagon ƙarami ne, mutum huɗu in sun shiga sai an riƙa matsa wa juna. Katunan 'yan wasa ne cike da akwatuna, ga tsofaffin riguna a rataye. Mai shagon dattijo ne mai furfura. Da ya ji koken yaron bai yi masa wa'azi ba, ya jawo kati uku ya jera a kan gilashi, ya kife su. Ya ce gaban kati hoto ne kawai, a baya ake karanta mutum.

Na farko Bobby Orr ne, na Boston. Ya sa yaron ya bi layin shekaru da yatsa. Kakar 1970-71, maki 139, wato ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya bayar aka ci. Har yau babu mai tsaron bayan da ya kai haka. Sau takwas a jere ya lashe kyautar Norris ta gwanin masu tsaron baya, daga 1968 zuwa 1975, kuma shi kaɗai ne ɗan baya da ya taɓa fin kowa maki a gasar NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, har sau biyu. Sai dattijon ya ce daga nan gwiwa ta ci amanarsa. Da ya bar Boston, wasa 26 kacal ya buga wa Chicago, ya ajiye sanda a 1978 yana da shekara 30. Duk rayuwarsa wasa 657.

Ɗana ya ɗago kai ya ce, "Baba, ashe bai daɗe ba." Na ce masa ai kuwa.

Kati na biyu Ray Bourque. Shi ne ya fi duk masu tsaron baya maki a tarihi, 1,579, amma ya yi shekara ashirin da ɗoriya a Boston babu kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL. Sai da ya koma Colorado ya same shi a 2001, a wasansa na ƙarshe, kyaftin Joe Sakic ya karɓi kofin ya miƙa masa tun kafin shi kansa ya ɗaga. Mai shagon ya ba da labarin nan muryarsa na rawa.

Na ukun shi ne ya kwanta mini a rai: Nicklas Lidström, ɗan Suwidin, kaka 20 a Detroit ba tare da ya sauya ƙungiya ba. Kofin Stanley huɗu, Norris bakwai, kuma bai samu Norris ta farko ba sai a 2001 yana da shekara 31. Dattijon ya ɗauko sanda daga bango ya nuna wa yaron yadda Lidström ke yi: ba ya afka wa mutum, tsayawa yake inda ya dace, ya shimfiɗa sanda ya tare hanya. Mai shagon na Orr ne gaba da baya, ya ce ba a yi kamarsa ba, kuma ban musa ba. Amma abin da Orr ya yi baiwa ce, ba a koya wa yaro ita. Na Lidström haƙuri ne da lura, wannan kuwa zan iya cewa ɗana ya kwaikwaya.

Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne yawancin katunan babu farashi a jikinsu, sai ka tambaya ɗaya bayan ɗaya, wanda bai san kasuwar ba kuma zai ji kunyar yawan tambaya. Akwatunan ƙasa ma a cakuɗe suke, mun daɗe muna laluben Paul Coffey, ɗan bayan da ya ci ƙwallo 48 a kakar 1985-86. Katin Orr na shekararsa ta farko kuwa kada ma ka sa rai, kuɗinsa dubban daloli ne.

Mun fito da Lidström da Bourque da kuma Cale Makar, wanda yaron ya zaɓa da kansa, duka ba su kai dala ashirin ba, dattijon ya ƙara mana da ledar adana su kyauta. Duk mai yaron da ke tsaron baya ya je da safe kafin a cika, lokacin ne mai shagon ke da sukunin hira. Mu dai Asabar mai zuwa za mu koma, ya yi alkawarin nemo mana Doug Harvey na Montreal.