Matatar tono mai ƙwayoyin K1: ta cancanci kuɗinta, in akwai wuta

Masu kiwon tarwaɗa a Maradi da tsadar ruwa ta dama, wannan matata ta dace da ku. Tono ne na lita 200, a ciki ƙananan robobi masu kama da taya da ake kira K1, sai injin iska da ke juya su dare da rana. Ba robar ce ke tace ruwan ba, gida kawai take ba bakteriya. Kashi na farko na bakteriyar, irin su Nitrosomonas, suna maida ammoniyar da kifi ke fitarwa nitrit. Na biyu, irin su Nitrospira, su maida nitrit nitrat, wanda cutarsa ba ta kai ta waɗancan ba.

A zuba roba rabin tono kawai, don ta samu wurin juyawa. Lita 100 na roba na ɗaukar dattin da ke fitowa in ana ba kifi abinci kamar rabin kilo a rana. Sabuwar roba fara ce fat, tana yawo a saman ruwa. In cikinta ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, ta nuna ke nan, wato bakteriya sun zauna a ciki, kuma sai an yi mako 4 zuwa 6. Duk mai sayarwar da ya ce mako guda, ciniki yake nema. Kafin ta nuna a rage abinci, a riƙa auna nitrit, domin shi ne ke hana jinin kifi ɗaukar iska, ka gan su suna haki a sama. Ɗan gishiri a ruwa yana rage wannan.

Inda take ba da wahala shi ne wuta. Kowane giram na nitrojin da ke cikin ammoniya sai ya ci iskar shaƙa giram 4,6 kafin ya zama nitrat, ga shi ruwan zafi na Afrilu ba ya riƙe iska sosai. Injin ya kwana a tsaye, bakteriya sun fara mutuwa. Wanda ba shi da farantin hasken rana da batir, ya dakata tukuna.

Aikin yana sa ruwa tsami; in pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ta sauka ƙasa da 7 a ƙara bikarbonat kaɗan-kaɗan. Kada a jefa kanwa da ka, tana ɗaga pH farat ɗaya, gubar ammoniya ta ƙaru. Kada kuma a wanke robar da ruwan pompo, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ke ciki zai hallaka bakteriyar.

Nitrat dai yana nan cikin ruwan, wannan tono ba ya fitar da shi. A ɗebi wani kaso na ruwan kowane mako a ba zogale ko salati, taki ne mai kyau.