Girl Guides a makaranta: me yarinya ke samu bayan kuɗin yunifom?

Duk wanda ya je kallon faretin ranar yara, 27 ga Mayu, ya ga 'yan Girl Guides: layi a miƙe, ƙyalle a wuya, yatsu uku a sama. Iyaye da yawa a nan suke yanke hukunci. Wasu su ce wasa ne, wasu su ɗinka wa yarinya yunifom ba su tambayi abin da ake yi a taron mako ba. Alhali fareti shi ne ƙaramin abin da ƙungiyar ke koyarwa.

Asalinta ma da kutse ya fara. A 1909 Robert Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar sikawut, ya tara 'yan sikawut maza a Crystal Palace da ke Landan, sai ga wasu 'yan mata sun shigo taron, suka ce su ma sikawut ne. A 1910 aka buɗe musu tasu, ƙanwarsa Agnes ta riƙe ta. Ƙungiyar ta iso Najeriya a 1919, kuma Lady Oyinkan Abayomi ta Legas na cikin matan da suka raine ta, har ta zama babbar kwamishinarta. Uwar ƙungiyar ta duniya, WAGGGS, an kafa ta a 1928, yau tana da rassa a ƙasashe sama da 150. Yatsu ukun nan suna tuna wa yarinya sassa uku na alkawarinta: hakkin Allah da na ƙasa, taimakon mutane, da bin dokar ƙungiya.

Ƙashin bayan tsarin shi ne ƙaramin rukuni na yara shida zuwa takwas, da shugaba da mataimakiya daga cikinsu. Su ke riƙe littafin halarta, su ke raba aiki, malama tana gefe tana sa ido. Inda aka ga yara sittin a layi ɗaya, malama na ba da umarni da bulala a hannu, to an bar hanya. Wannan aji ne da aka sake wa riga.

Inda reshen makaranta ke da rai, abin da yarinya ke koyo ya fi kuɗin da aka kashe. A tambaye ta yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali, duka a shafe ba a tula ba. In gishiri ya yi yawa, ƙara wa mai gudawa wahala yake yi, don haka ake nanata awon. Ƙuna kuwa ruwa mai sanyi ake kwarara mata na minti 20, ba a shafa man goge baki ko manja. Mai haɓo a sunkuyar da kansa gaba a matse hanci minti goma, domin in aka ɗaga kan baya jinin maƙogwaro yake bi. Ko ƙullin bandeji akwai ƙa'ida: dama kan hagu, sannan hagu kan dama. Aka maimaita ɓangare ɗaya sau biyu, ƙullin zai zame ko ya cije.

Hidimar jama'a ita ce inda aka fi yin aikin ganin ido. Dashen bishiya ne misali. Sai a kai yara su dasa darbejiya cikin rani, a ɗauki hoto, bayan mako biyu awaki sun cinye. Reshen da ya san aikinsa yana jira damina ta zauna, ya haƙa rami kamar rabin mita, a yage ledar da ke jikin saiwa, a kewaye da ƙaya, sannan a ba kowace yarinya bishiyarta da za ta riƙa ba ruwa har ta kama. Yasar kwata ma haka: babu safar hannu da takalmin roba, kada a bari yarinya ta shiga, kuma dattin da aka tara a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito.

Aibin da ya fi yawa ba na yaran ba ne. Makaranta kan ɗora wa malamar da ba ta taɓa samun horon ƙungiyar ba, ko kuma a yi wa wadda ta iya canjin wurin aiki, reshen ya mutu cikin zango ɗaya. Akwai kuma raba bajo, wato alamar ƙwarewa da ake maƙalawa a riga, ba gwaji. Kuɗin yunifom da na sansani suna hana 'ya'yan talakawa shiga, kodayake reshen kirki kan karɓi kayan waɗanda suka gama ya ba na baya.

A ganinmu ƙungiyar ta cancanci a sa yarinya, amma bayan uwa ta je taron mako ɗaya da kanta ta gani, ta kuma yi magana da malama kan sutura, har da hijabi. In an zo batun sansani, a nemi takardar izini a rubuce, a ji malamai mata nawa za su kwana da yaran, ko akwai gidan sauro, ko an tanadi aƙalla lita 15 ta ruwa ga kowace yarinya a rana, da ko masai ya yi nisan mita 30 daga rijiya.