Ragar jifa da aka haɗa mana a Panteka

Ɗan ƙanwata ne ya zo hutu daga Amurka cikin watan Yuni, can yake karatu kuma yana cikin tim ɗin besbol na kwalejinsu, shi ne wanda ke tsugunne bayan mai dukan ƙwallo da sanda, sanye da ƙatuwar safar hannu yana cafe duk abin da mai jifa ya turo. Ya dawo wani iri dai, ba walwala, sai uwarsa ce ta tsegunta min wai an daina sa shi wasa kuma ba ciwo ya ji ba.

Matsalar in ka ji sai ka ce wasa ne. Jifa mai nisa, daga inda yake zuwa matsaya ta biyu cikin wuraren da ƴan wasa ke gudu su taka a fili, kusan mita 39, wadda ake so daga cafewa har ƙwallo ta isa a yi ta cikin wajen daƙiƙa 2, wannan ras yake yinta. Amma ya mayar wa mai jifa ƙwallo, mutum na tsaye gabansa mita 18 da ɗoriya ba mai korarsa, nan hannu ke ƙi. Ya ɗaga ya sauke, ya bubbuga ƙwallon cikin safa sau biyu sau uku, in ya saki ko ta bi ta saman kai ko ta daki ƙasa. Su can yips suke ce ma abin. Ya ba ni labarin Mackey Sasser, mai cafe ƙwallo irinsa a tim ɗin New York Mets, da abin ya kama wajen 1990, har ƴan kallo na ƙirga masa bubbugawar da ƙarfi, kun ji mugunta, da Steve Blass, mai jifa na tim ɗin Pittsburgh, da jifa ta ɓace masa a 1973 bayan ya ci kofi da su a 1971.

To kocinsa ya ce ya dinga jifa kullum, mu kuma nan wa zai tsaya masa? Ya nuna min wata raga a intanet mai dawo da ƙwallo, na lissafa dala da kuɗin kawowa na ce yaro tashi mu je Panteka. Mun samu wani mai walda muka nuna masa hoto a waya, ya juya wayar sama da ƙasa ya ce Alhaji wannan ta gola ce ko ta kamun kifi? Muka daidaita a N45,000, ya ce kwana 3, sai da muka yi kwana 9 muna sintiri.

Aikin kam ba laifi wallahi. Firam ɗin fayif ne mai kauri, ya ɗaure ragar da robar tiyub ta ko'ina ta yi tsam, ya sa wani noti a baya da za ka kwantar da ita ko ka miƙar, in ka kwantar ƙwallo ta dawo maka sama, in ka miƙar ta zo ta ƙasa tana tsalle, kuma dabarar notin nan tasa ce ba ta cikin hoton. Inda ya kwafsa, ragar farko idonta ya yi faɗi, shi a ransa ƙwallon ƙafa ce, ita kuwa ta besbol ba ta wuce lemu ba, jifan farko ta wuce fit ta ciki, sai da muka mayar ya canza, bai karɓi ko sisi ba dai gaskiya. Ga nauyi, da kyar ta shiga Keke zuwa Unguwar Rimi. Fentin kuma na ganin ido ne, ruwan sati biyu tsatsa ta fito, roba uku sun tsinke kafin wata.

Abin da ya sa ma nake rubutun nan, mun ɗaura jan ƙyalle a tsakiyar ragar, yaron nan zai yi jifa 50 da wuya biyar su kuskure, hannu na tafiya sumul ba bubbugawa ba komai. Na ce shikenan an warke, kawar da raga ni zan tsaya. Ina tsayawa na ga kafaɗarsa ta ƙage, ya bubbuga, ya sake bubbugawa, ƙwallo ta bi ta saman hulata ta daki get ɗin maƙwabci har maigadi ya leƙo. Ya yi shiru can ya ce, Kawu, ita raga ba ta kallona.

Don haka in ƙarfin hannu da saiti kake nema, je ka a haɗa maka, ka dai tafi da ƙwallon a aljihu mai walda ya gani kuma ka ce a yi fenti biyu. Amma wannan ƙullin na cikin kai ragar ba ta taɓa shi. Ɗan sauƙin da muka gani a wajen yaran layi ne, bayan la'asar su taru su biyar shida kowa na ihu a jefo masa, ba ya samun sararin tunani sai dai ya cafe ya saki, ranar da suka fi hayaniya ranar jifansa ta fi kyau. Da ni kuwa har ya koma a Agusta wata rana ta yi, wata rana get ɗin maƙwabci.

Ragar tana nan bayan gida, Hajiya na shanya dardumai a kai.