Jitar tsirkiyar roba ko ta ƙarfe: wacce mai koyo zai fara da ita?

Ƙanena, ka tambaye ni wacce jita za ka fara koyo da ita: ɗauki mai tsirkiyar roba. Duka biyun sun zauna a ɗakina, kuma da ta robar na kaɗa waƙata ta farko.

Yamaha C40 ce, ta hannu, na saye ta wurin wani malamin makaranta da zai yi ƙaura. Shi ya zaunar da ni a zaurensa ya nuna mini riƙo biyu kacal, wato yadda ake danne tsirkiyoyi da yatsu, waɗanda ake kira Em da Am. Na farkon yatsu biyu yake ci. Idan za ka koma na biyun, sai ka sauko da yatsun nan tsirkiya ɗaya ƙasa, ka ƙara manuniya. Shi ke nan. Kullum bayan la'asar nakan yi rabin awa ina kai da komo tsakaninsu, ina rera wata waƙar gaɗa da yayata ke yi muna yara. A mako na uku hannu ya daina tsayawa wajen sauyi. Ranar da yayar tawa ta jiyo daga tsakar gida ta ɗauki amshi, ba zan manta ta ba. Abin da ya sa na kai wannan ranar shi ne tsirkiyar ba ta yanka yatsa kafin ya yi kanta. Wuyanta kuma faɗinsa milimita 52 ne daga sama, don haka yatsa ba ya danne tsirkiyar maƙwabciya. Mai ƙaramin hannu zai ɗan ji faɗin da farko, amma ana sabawa.

Ta ƙarfe ta fi amo, ban musa ba, kuma wuyan irin su Yamaha F310, mai tsirkiyar ƙarfe, ya fi siranta, milimita 43. Idan kiɗan Agadez irin na makaɗan jitar Nijar Bombino ko Mdou Moctar ne burinka, wata rana za ka neme ta. Amma tawa, wadda na fara saya don arha, kwana goma na yi da ita yatsu na zogi, na jingine ta. Hunturu ɗaya ya lanƙwasa wuyan.

Ga abin da ba ka tambaya ba. Akwai masu sayarwa da ke ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera don roba, saboda ta yi ƙara a kunnen mai saye. Kada ka karɓa. Jan da ƙarfe ke yi ya kusa ninka na roba, kuma yawancin irin wannan jita ba su da sandar ƙarfe a cikin wuya. Ba da daɗewa ba jakin da ke riƙe tsirkiyoyin zai ɗago, ko ya ɓalle gaba ɗaya. Sunan kamfani a ka ma ba shaida ba ne, jabu sun yi yawa. Leƙa ramin ka duba takardar ciki, ka ɗaga jitar ka hangi wuyan kamar mai duba miƙewar katako, sannan ka dubi tazarar tsirkiya da wuya a gaɓa ta 12, wato ƙarfe na 12 cikin ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuyan, in ka ƙirga daga sama. Idan ta wuce milimita 4 sosai, ajiye musu kayansu.

Ka je da wanda ya iya kaɗawa, ya saita ta ya gwada a gabanka kafin ka biya. In ta zo gida, a ajiye ta cikin jakarta, nesa da taga da rana, musamman lokacin hunturu.