Irin Waken Suya TGx 1835-10E: Ya Cancanci Kuɗinsa a Gaban Tsatsa?

TGx 1835-10E iri ne na IITA, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, an sake shi ga manoman Najeriya a 2008. Abin da ake tallarsa da shi guda biyu ne: yana nuna da wuri, wajen kwana 90 zuwa 100, kuma yana jure cutar tsatsa, wadda aka fara gani a gonakin ƙasar nan a 1999. Duk biyun gaskiya ne, sai dai masu sayar da iri ba sa bayyana abin da juriyar ke nufi, manomi kuma ya ga ɗigo a ganye ya ce an cuce shi.

Tsatsar waken suya naman gwari ce mai suna Phakopsora pachyrhizi. Iska ce ke yawo da ƙurarta, ba ta bin tsaba, saboda haka gauraya iri da magani kafin shuka ba ya hana ta. In ƙurar ta sauka a ganye mai jiƙe da raɓa ko ruwan sama na awa shida ko fiye, sai ta tsiro ta huda fatar ganyen kai tsaye. Ba ta rayuwa sai a jikin ɗanyen ganye mai rai, kuma nan ne lagonta. A irin da ba shi da juriya tana samun wurin zama, cikin kwana tara zuwa goma ƙuraje masu ruwan ƙasa-ƙasa su fito a bayan ganye, su fashe, su zubar da sabuwar ƙura. Haka za ta yi ta maimaitawa har ganye ya yi rawaya ya kakkaɓe tun kwanso bai cika ba, tsaba ta fito a tsumbure. A shekara mai tsanani hasara na iya kai kashi 80 cikin ɗari.

Iri mai juriya yana gane shigowarta da wuri, sai ya kashe 'yan ƙwayoyin ganyen da ke kewaye da inda ta huda. Cutar ta rasa abinci, ta tsaya nan. Abin da ido zai gani ɗigo ne ja mai duhu, ƙurarsa kaɗan ce ko babu sam. Ganin ɗigo a wannan iri ba ya nufin jabu ne. A juya ganyen a duba: akwai ƙura ko babu? A tsinko ganyen ƙasa-ƙasa, don daga can take farawa bayan an yi fure, a sa a leda da jiƙaƙƙiyar takarda ya kwana, da safe a goga bayansa a farin ƙyalle. In ya bar gari mai yawa, ko dai irin ya gaurayu ko kuma wani sabon nau'in cutar ya fi ƙarfinsa. Wannan na faruwa, domin tsatsa nau'i-nau'i ce, tana kuma sauyawa. A nan sai feshi da magani mai tebuconazole ko azoxystrobin bisa ma'aunin da ke jikin kwalba, a karkata bakin famfo yadda zai jiƙa bayan ganye. Mancozeb rigakafi ne kawai, ba ya warkar da ganyen da ya riga ya kamu.

Nunarsa da wuri ma kariya ce, don yakan cika kwanso kafin cutar ta yi ƙamari a ƙarshen damina. Hakan ya sa ya dace da wuraren da ruwa ke ɗaukewa da wuri, irin Kano da Katsina, da kuma wanda ya makara da shuka.

Inda ya gaza shi ne yawan amfani. A gwaje-gwajen da aka yi masa ya ba da tan ɗaya da rabi da 'yan kai a hekta, buhu 16 ke nan ko kusa. Manomin kudancin Kaduna ko Binuwai mai doguwar damina zai iya samun fiye da haka da iri mai daɗewa. Ga shi a can ne laima ta fi yawa, tsatsa ta fi ɓarna, don haka gara ya nemi TGx 1987-62F ko TGx 1987-10F, waɗanda aka saki a 2010, su ma masu juriya ne.

Iri mai saurin nuna ba ya son a shuka shi tsilla-tsilla. Hekta na cin kilo 50 zuwa 70, tazarar santimita 5 tsakanin tsaba a kunya mai faɗin santimita 75, zurfi kada ya wuce santimita 5. A ba shi takin supa buhu uku zuwa huɗu, ba ya bukatar yuriya mai yawa tunda ƙwayoyin halittar da ke saiwarsa na samar masa da naitirojin daga iska. Kafin shuka a gwada tsaba 100 a jiƙaƙƙen yashi. In ƙasa da 80 suka tsiro a ƙara yawan iri, domin waken suya na saurin mutuwa a ajiya mai zafi. A girbe da zarar kashi 85 na kwanso ya bushe.

Babbar matsalarsa a kasuwa take. Da ido ba a bambanta tsabarsa da ta sauran iri, wanda ake aunawa a mudu kuwa suna kawai yake ɗauke da shi. A saya a rufaffen buhu mai shuɗin tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa, a kankare lambar da ke jiki a tura ta waya a tabbatar kafin a biya.