Gargaɗi ga masu ɗaura koton gashi: a yi hattara da mai "gwanjon kayan marigayi"

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na so in haɗiye wannan magana saboda kunya, sai na ga mutumin da ya damfare ni a cinikin kayan ɗaura koton fatsa ya sake buɗe wani shafi da sabon suna, da hotunan nan dai da ya yaudare ni da su. To gara in faɗa.

Ina zaune a jihar Minesota ta Amurka, kuma 'yan shekarun nan na kamu da son fatsar kifin da ake kira maski da ɗan uwansa fayik. Wanda ya san tsage a kogunanmu zai gane halinsu: dogon jiki, baki cike da haƙora, farautar ƙananan kifaye. Maski ya fi girma, ya kuma fi taurin kai. Mutanen nan suna masa kirari da kifin jifa dubu goma, kuma a yawancin ruwayen jihar doka ba ta yarda ka tafi da shi gida ba sai ya kai inci 54. Koton da muke jefa masa ba tana ba ce. Gashi ne ake ɗaurawa a kan babbar ƙugiya, mai lamba 5/0 ko 6/0, wani lokaci biyu a jere, har abin ya kai tsawon inci 10 zuwa 14, ya yi kamar kifi yana iyo. Da hunturu, in tafkuna sun daskare, wannan ɗauri shi ne aikinmu na dare.

Abu biyu ne jigon aikin. Na farko wutsiyar barewar nan mai farar wutsiya. Gashinta na wajen gindi yana da rami a ciki, in ka matse shi da zare sai ya buɗe kamar lema, shi ke ba koton ƙirji yana tura ruwa ba tare da nauyi ba. Wutsiyar da gashinta ya kai inci 5 ko 6 ba ta da yawa, shi ya sa ake rububinta. Na biyu gashin gadon bayan zakara, siriri dogo, na zakarun da aka yi shekaru ana zaɓar irinsu don wannan aiki kaɗai, kamar na gonar Whiting da ke Delta a jihar Kolorado. Tsofaffin masu ɗauri har yau suna tuna 2011, lokacin da yayin saƙa gashin zakara a kitso ya sa masu gyaran kai suka kwashe shi daga shagunan kayan fatsa, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Duk wanda ya san wannan tsada, in ya ga araha, zuciyarsa sai ta motsa. A nan ɗan damfarar ya ɗana tarkonsa.

A wani zauren masu ɗauri na Facebook na gan shi. Ya ce mahaifinsa ya rasu ya bar ɗaki cike da kaya, shi kuma bai san kan abin ba, yana so ya rabu da su kafin a sayar da gidan. Hotuna masu kyau: wutsiyoyi fari da rawaya da baƙi a jere kusa da ma'auni, gashin zakara mai wake-wake a cikin ledar kamfani. Har ta'aziyya na yi masa, wallahi.

Na fara da wutsiya biyu don gwaji. Suka iso cikin mako guda, kuma masu kyau ne ƙwarai. Yanzu na gane daga shago ya sayo su, ya yi asarar 'yan daloli don ya kama babba. Ni da nake kwana ina ɗaura wa kifi abin yaudara, ban gane an ɗaura mini nawa ba.

Bayan kwana uku ya turo saƙo: wani zai kwashe sauran gaba ɗaya gobe, amma ni ya fi so ya ba, tunda na yi masa magana mai daɗi. Ya ce in biya ta PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet, amma ta layin Friends and Family, wai don kada a cire masa kuɗin aiki, in ba haka ba ta Zelle, hanyar tura kuɗi daga banki zuwa banki a Amurka. Wannan ita ce gaɓar da nake so ku riƙe. Layin Friends and Family an yi shi ne don aika wa dangi da abokai kuɗi, ba ya cikin kariyar mai saye. Wanda ya biya ta layin sayen kaya na PayPal, wato Goods and Services, yana da kwana 180 na shigar da ƙorafi in kaya bai zo ba. Zelle kuwa su da kansu suna cewa kada ka tura wa wanda ba ka sani ba. Duk na san wannan. Na tura.

Kwalin ya iso, da lambar bin sawu da komai, domin ya samu hujjar cewa ya aiko. Ina yanka salatif wari ya buge ni. Wutsiyoyin ba a cire musu kitse ba, ba a busar da su da kyau ba, fatar tana maiƙo a hannu. Gashin bai wuce inci 3 ba, irin wanda in ka ja sai ya karye. Na tsoma wata ja a kofin ruwan ɗumi, nan take ruwan ya koma kamar zoɓo. Gashin zakaran kuwa irin na shagon kayan ado ne, gajere mai kaurin kara, an zura shi cikin tsohuwar ledar kamfani an manne bakin. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani gari-gari a ƙasan ledar da 'yan ɓawon tsutsa. Asu ne ko ƙwaron fata, kuma da na zuba kayan nan cikin akwatina da sun cinye duk abin da na tara. Na ɗaure kwalin na fitar da shi waje. Wutsiya biyun farko ma sai da na saka su firiza na mako guda, na fitar, na sake mayarwa, don ƙwan da bai mutu a zagayen farko ba.

Na koma in yi masa magana, ya toshe ni. Shafin ya yi ɓatan dabo. Bankina suka ce ni na tura da hannuna.

Daga baya wani dattijo da muke fita ruwa tare ya sa hotunan a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, cikin minti ɗaya suka fito a shafin wani shago, an ɗora su tun shekaru. Ya ce, "Ɗana, da ka ce ya ɗauki wutsiyar kusa da takarda mai sunanka da kwanan watan yau, da ba ka sake jin duriyarsa ba." Ya kuma nuna mini abin da ban lura ba: mutumin da ya ce bai san kan kaya ba, ya aka yi ya san ya rubuta tsawon gashi da darajar kowace fatar zakara daidai yadda masu ɗauri ke faɗa?

Labarin yana canza riga. A sabon shafin ba uba ne ya rasu ba, wai shago yake rufewa saboda rashin lafiya, kuma ya ƙara da koton da aka riga aka ɗaura, dozin a kuɗin guda uku. Wanda ya taɓa zama awa guda a kan koto ɗaya mai ƙugiya biyu ya san wannan lissafi ba ya fita. Shafin sabo ne, ba hoton kifi ko ɗaya, masu yabonsa a ƙasa su ma duk sababbi ne.

Na kai ƙara ga masu kula da zauren, na cike takardar ƙorafi a shafin FTC, hukumar kare masu saye ta Amurka, da na IC3, sashen karɓar ƙorafin laifukan intanet na hukumar FBI, na haɗa da hotunan hirarmu da takardar gidan waya da ke jikin kwalin. Wanda abin ya shafa ya yi haka shi ma, kuma kada ya goge saƙonnin.

Ana buɗe kamun maski a nan ranar Asabar ta farko a watan Yuni. Wutsiya biyun nan na gwaji sun ba ni koto biyar, sauran kuma zan je shago in buɗe leda in auna gashin da yatsana kafin in biya.